Motocin Gudu da Ɓacewar Safaya: Sharhi Kan Kayan Faci da Kayan Aikin da Ya Kamata A Riƙe

Akwai ƙorafin da ya zama ruwan dare a bakin masu sayen motoci masu tsada. Mutum ya zuba maƙudan kuɗi ya mallaki Porsche ko BMW ko Mustang, ya ɗaga shimfiɗar but, maimakon safaya da jak sai ya tarar da wata 'yar kwalba da ƙaramin famfo mai igiyar lantarki. Wasu kan ce dillali ne ya zare tayar ya sayar, wasu su ce tun a tashar jiragen ruwa aka yi awon gaba da ita. Hakan yana iya faruwa, amma galibi haka motar ta baro kamfani. Daga nan sai bakin masu motocin ya rabu. Akwai masu ganin injiniyoyin da suka ƙera motar sun fi kowa sanin abin da take buƙata, saboda haka waya da lambar janwe sun wadatar. Akwai kuma masu cika but da ƙarafa kamar za su buɗe gareji a bakin titi. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma kowanne akwai abin da ya kuskure.

Fayyace kalmomi

Abin da muke kira motar gudu a nan ba motar tsere ba ce wadda ba ta hawa titin jama'a. Mota ce mai lamba da takardu, wadda aka ƙera don ƙarfin inji da zafin gudu da iya cin kwana: Porsche 911, Chevrolet Corvette, Nissan GT-R, jerin M na BMW, jerin AMG na Mercedes da makamantansu.

Safaya kuwa iri biyu ce. Akwai cikakkiya, wadda girmanta ɗaya da sauran tayoyin, akwai kuma siririya ta wucin gadi, wadda ake cika wa iska har awo 60 a ma'aunin psi, kuma ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita. Ranfilat sunan wata taya ce mai ƙaƙƙarfan gefe, wadda ke iya ɗaukar nauyin mota ko da iskarta ta fice gaba ɗaya. Ruwan faci shi ne abin da ke cikin kwalbar nan: ruwa mai danƙo da ake turawa cikin taya ta bawul, ya bi iska ya toshe huda daga ciki. Zaren faci wata gajeriyar igiya ce mai danƙo da ake cusawa cikin hudar daga waje da wani ƙarfe mai kama da basilla. Sai TPMS, na'urar da ke lura da iskar kowace ƙafa ta kunna wa direba fitilar gargaɗi idan ta ragu.

Yadda safaya ta zo, da yadda ta tafi

Motocin farko ba su da safaya. Duk wanda tayarsa ta yi faci, nan zai tsaya ya ciro tub ya liƙe. A 1904 ne wasu 'yan'uwa biyu 'yan gidan Davies, a garin Llanelli na yankin Wales, suka fito da ƙafar ko-ta-kwana mai suna Stepney da ake maƙalawa a jikin wadda ta lalace, kafin kamfanonin mota su mayar da safaya abin da ke zuwa da kowace mota. Ita ma tayar ta yi ta inganta. Michelin ta yi rajistar ƙirar radiyal a 1946, BFGoodrich ta fito da taya marar tub a 1947, kuma wannan ta biyun ta sauya yanayin facin kansa: ƙusa ta daina fasa taya nan take, sai dai ta maƙale a jiki iska tana sacewa a hankali.

Motocin gudu suna cikin waɗanda suka fara gwada rayuwa ba safaya. Porsche 959 ta 1986 ta zo da na'urar lura da iskar taya tun kafin sauran motoci su san da ita. Corvette ƙirar 1997 ta fito da tayoyin ranfilat, babu safaya babu gurbinta. Porsche 911 ta riƙe siririyar safaya har zuwa ƙirar da ta fito a 2004, wadda aka musanya mata ita da kwalba da famfo. Doka ma ta taimaka, ko da ba wannan ta nufa ba. Bayan haɗurran tayoyin Firestone a jikin motocin Ford Explorer, Amurka ta yi doka a shekarar 2000 wadda ta kai ga tilasta TPMS a kan sababbin ƙananan motoci daga Satumban 2007, Tarayyar Turai ta bi sahu a Nuwamban 2014. Da zarar mota ta iya sanar da direba cewa iska na raguwa, kamfani ya samu kafar cewa za a tari matsalar tun ba ta yi nisa ba. A 2017 ƙungiyar direbobin Amurka ta AAA ta bayyana cewa kashi 28 cikin 100 na sababbin motocin wannan shekarar ba sa zuwa da safaya.

Hujjojin kamfanoni, masu ƙarfi da masu rauni

Hujjar da aka fi ji ita ce nauyi. Safaya da jak da sifana sukan kai kilo 15 zuwa 20, kuma kamfanoni suna farautar duk kilon da za su rage don cika ƙa'idojin shan mai da hayaƙi. Gaskiya ne, amma a motar da ta kai kilo 1,500 wannan bai wuce kashi ɗaya da ɗan ɗori cikin 100 ba, kuma babu direban da zai ji bambancinsa a kan titin gari. Akwai kuma kuɗin da kamfani ke tsimi a kan kowace mota, wanda ba a cika sa shi cikin talla ba.

Hujjojin da suka fi nauyi na ƙirar motar ne. Na farko wuri: 911 injinta a baya yake, Corvette ta yanzu nata a tsakiya, sauran kuma manyan bututun salansa ko batir sun cinye gurbin da safaya ke kwana. Na biyu birki: faifan birkin waɗannan motoci da maƙamarsa suna da girma ƙwarai, ta yadda ƙaramin rim ba zai rufe su ba ko da ramukan noti sun yi daidai. Na uku, kuma shi ne mafi wuyar warwarewa, tayoyin gaba da na baya ba girmansu ɗaya ba. 911 Carrera S ƙirar 2019 tana sanye da 245/35 a kan rim inci 20 a gaba, da 305/30 a kan rim inci 21 a baya. Cikakkiyar safaya guda ba za ta yi wa ɓangarorin biyu ba. Akwai ma wani abin da ba a cika tunawa ba sai ranar da ta faru: ko da akwai siririyar safaya, ƙatuwar tayar bayan da aka kwance ba ta shiga but ɗin gaba na mota irin 911, sai dai ta hau kujerar fasinja da datti da zafinta.

Inda gizo yake saƙa: ba kowane faci ne faci ba

Lambobin nan na jikin taya suna bayyana rabin matsalar. A 245/35, adadin farko faɗin taya ne da milimita, na biyu kuma tsayin gefenta ne a matsayin kaso na wannan faɗin. Kashi 35 cikin 100 na 245 ya kama milimita 86. Tayar Corolla mai lamba 195/65 tana da gefe na kusan milimita 127. Gajeren gefe ba ya lanƙwasa a kwana, shi ya sa sitiyarin motar gudu ke amsawa nan take. Amma wannan tazarar ita ce kaɗai tsakanin rim da kwalta. Idan ƙafa ta faɗa rami mai kaifin baki da gudu, gefen tayar yakan matse tsakanin bakin ramin da bakin rim, zaren ciki ya tsinke, ko dai ta tsage nan take ko ta fitar da ƙululu a gefe. Sau da yawa rim ɗin ma yakan lanƙwashe ko ya tsage.

Ruwan faci da zaren faci duka an yi su ne don huda ƙarama, wadda ba ta wuce milimita 6 ba, a kan fuskar tayar da ke taka ƙasa. Ƙa'idar gyaran taya ta Birtaniya ta taƙaita wurin da aka yarda a yi faci zuwa kashi uku cikin huɗu na tsakiyar wannan fuska. Gefen taya kuwa ba ya karɓar gyara ko kaɗan, domin yana lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi. Wato kayan da kamfani ya bayar maganin ƙusa ne, alhali raunin da ƙirar tayar ta fi jawowa na rami ne. Yawancin gardamar da ake tafkawa kan wane kayan faci ya fi, kan ƙusa ake yin ta, ba a taɓo ramin ba.

Kowane magani da iyakarsa

Ruwan faci ya fi kowanne sauƙin aiki. Ba a ɗaga mota, ba a kwance noti, ba a ma cire ƙusar. Ana jona kwalba da famfo, a cika iska, a ɗan yi tafiya ta mintoci don ruwan ya zagaye, sannan a tsaya a sake auna iskar. Sai dai kwalbar ta amfani ɗaya ce, kuma tana da wa'adin da ke rubuce a jikinta, galibi shekara huɗu zuwa takwas, bayan haka ruwan yakan daskare ko ya tsinke. Yana iya dame na'urar TPMS da ke bayan bawul, kuma masu gyara da yawa ba sa son taɓa tayar da aka yi wa ɗurensa. Wasu tayoyin zamani ma an liƙa musu soso a ciki don rage ƙara, sosan kuma yana iya tare ruwan kafin ya kai ga hudar.

Zaren faci shi ne masu yawan tafiya suka fi yabo, kuma da hujjarsu: ba ya ɓata cikin taya, fakiti guda yana yin huda da yawa, bai cin wuri. Matsalarsa ƙarfi yake so da fili. Sai an zare ƙusar da filaya, an gurje ramin ta cikin wayoyin ƙarfen taya, sannan a cusa zaren. A ƙafar gaba ana iya karya sitiyari a samu wurin aiki. A ƙafar baya ta motar da cikinta ke dab da ƙasa, mutum kwance zai yi shi a gefen titi motoci na wucewa. Ƙungiyar masu ƙera taya ta Amurka ba ta ɗauki zare kaɗai a matsayin gyara na dindindin ba. Abin da ta amince da shi shi ne a cire taya daga rim, a duba cikinta, a cike ramin sannan a liƙe shi daga ciki.

Ranfilat tana ba da kimanin kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba, kuma amfaninta mafi girma shi ne ba ta tilasta wa mutum tsayawa a wurin da bai aminta da shi ba. Amma ta fi tsada, ta fi tauri a gargada, ba a samunta ko'ina, kuma bayan an yi tafiya da ita ba iska yawanci sauyawa ake yi. Masu motoci da dama sukan cire ta su sa taya ta gama-gari don neman laushi, su manta cewa sun bar motar ba ranfilat, ba safaya, ba kwalba.

Siririyar safaya ce kaɗai a cikinsu ke fitar da mutum daga tsagewar gefe da lanƙwasar rim. Akwai kamfanonin da ke ƙera ta daidai da birkin kowace ƙira, akwai ma wadda ke zuwa a naɗe sai an hura ta. Dole tsayinta ya yi kusa da na sauran, domin a motar da ke ja da ƙafa huɗu, ko mai na'urar da ke ɗaure ƙafafun baya su juya tare, bambancin tsayin taya yana gasa giyoyin da ke raba ƙarfi.

Bayan faci, motar ta sauka daga sahun masu gudu

Wannan shi ne abin da masu dogaro da janwe da masu cika but da ƙarafa suka fi sakaci da shi. Kowace taya tana da harafin da ke nuna iyakar gudun da aka gwada ta a kai: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. An yi gwajin ne da lafiyayyiyar taya. Wasu kamfanonin taya suna cewa harafin ya faɗi da zarar an yi faci, wasu suna yarda da faci ɗaya idan an yi shi bisa ƙa'ida, Porsche kuwa umarninta shi ne a sauya tayar da ta lalace.

Dalilin wannan tsanani zafi ne. Tayar da ta yi tafiya da ƙarancin iska gefenta yakan yi ta murzuwa, ya yi zafi, robar ciki ta dinga gugewa tana zuba kamar gari. Daga waje ba a ganin komai. Gajeren gefe kuma yana ɓoye sacewar iska, taya tana iya rasa rabin iskarta ido bai lura ba. Fitilar TPMS ma, bisa ƙa'idar Amurka, ba dole ba ne ta kama sai iska ta ragu da kashi 25 cikin 100, wato tayar da ya kamata ta zauna a 36 tana iya sauka kusa da 27 shiru. Saboda haka duk facin da aka yi a bakin hanya, komai kyansa, aikinsa shi ne ya kai mota inda za a buɗe tayar a duba cikinta, a gudun da bai wuce 80 ba.

Batun sauran kayan aiki

A nan masu cika but da ƙarafa su ne suka fi yin asara. Motar gudu ta zamani kwamfuta ce ke tafiyar da kusan komai nata, injinta a rufe yake ruf, kuma abin da ke tsayar da ita ba kasafai sifana ke gyara shi a gefen titi ba. Abin da ke da amfani kaɗan ne: famfon lantarki mai kyau, gejin auna iska, zaren faci da filaya, tocila, safar hannu, 'yan fis, ƙaramin batirin tayar da mota, da lita ɗaya ta irin baƙin man da injin ke sha, tunda wasu daga cikin injinan nan suna rage mai idan an matsa musu. Sai abubuwa biyu ƙanana da ɓatansu ke tsayar da komai: makullin notin hana sata, wanda in babu shi ko mai faci ba zai kwance ƙafar ba, da ƙugiyar ja da ake murɗawa a bamba, wadda janwe ke buƙata don jawo motar kan gadonsa.

Wanda ya zaɓi riƙe safaya, jak ɗinsa sai ya zama mai kwanciya, domin motar da tayarta ta sace takan ƙara yin ƙasa har jak na gama-gari ya kasa shiga. Kuma akwai wuraren da aka keɓe don ɗagawa. Kuskure kaɗan sai a lotsa alminiyon ko a fasa robar gefe. Ɗaurin noti ma da awonsa, yawanci tsakanin 120 da 160 a ma'aunin Nm, shi ya sa sifana mai awo ta fi tsalle a kan wil sifana. Motoci irin su 911 GT3 masu ƙaton noti guda a tsakiyar ƙafa suna buƙatar ɗauri na 600, abin da sai da doguwar sifana ta musamman. Mai irin wannan mota ya cire rai da sauya ƙafa a hanya.

Duk abin da aka ɗauka a ɗaure shi. A karo mai ƙarfi abu yakan daki abin da ya tare shi da ninkin nauyinsa sau 20 ko fiye, jak mai kilo 3 ya zama kamar 60, kuma yawancin motocin nan but ɗinsu a haɗe yake da mazaunin direba ko kuma siririn bango ne tsakani. Shi ya sa masu shirya gudu a filayen tsere sukan umarci a kwashe duk wani abu sakakke kafin mota ta shiga fili.

Hanya ce ke yanke hukunci

Kamfanin da ya cire safaya ya yi hakan ne bisa wani zato: cewa waya za ta shiga, janwe zai iso cikin ɗan lokaci, kuma akwai shagon da ke da tayar a kusa. A Jamus wannan zato yana da tushe. Dokarsu ta wajabta alamar gargaɗi mai kusurwa uku da akwatin taimakon farko da riga mai ƙyalli, ba ta wajabta safaya ba. Amma ko a Amurka, masu ratsa hamadar Nevada ko filayen Montana sun san zaton yana rushewa idan an yi nisa da birni.

Motocin nan kuma suna shigowa Najeriya, da yawansu na hannu, kwalbarsu ta daɗe da wuce wa'adi ko an riga an yi amfani da ita. A nan lissafin ya juye. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sanya tuƙi ba safaya cikin jerin laifuffuka, tare da rashin alamar gargaɗi da tukunyar kashe gobara. Tsakanin Abuja da Kaduna kaɗai ya ninka kilomita 80 ɗin ranfilat fiye da sau biyu. Masu faci suna nan birjik, wanda alheri ne ga mai ƙusa a taya, sai dai taya mai gajeren gefe da ranfilat inji suke so wajen cirewa. Liba da guduma suna iya karce rim ko su karya na'urar da ke bayan bawul. Uwa uba, taya mai lamba 305/30 a rim 21 ba abin da za a samu a ƙaramin gari ba ne, wani lokaci ko a babban birni sai an yi oda.

Babu alamar kamfanoni za su dawo da safaya. Motocin lantarki ma sun bi wannan layi, domin batir ya mamaye ƙasan mota, Tesla ba ta ba da safaya a ƙananan motocinta. Nauyin tanadi ya koma kan mai mota ke nan. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari ba, famfo da geji da zaren faci da kwalba mai sauran wa'adi sun ishe shi, tare da lambar janwe mai ɗaukar mota a gadon baya. Wanda zai kama doguwar hanya mai ramuka kuwa, babu abin da zai maye masa siririyar safaya da jak mai kwanciya, ko da za su cinye rabin but. Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, ya ɗaura ta a gida, gaba da baya, ya tabbatar ta rufe birki, notinta ya kama, kuma ya san inda zai ajiye ƙafar da ya kwance.